Ranar Masoya a ajin nazare: Zamfara na buƙatar tata ranar zumunci

A duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, wata 'yar takarda kan biyo jakar yaran nazare zuwa gida a wasu makarantun kuɗi na biranen Najeriya. Saƙon da ke cikinta gajere ne: ranar 14 ga wata yaro ya zo da jar riga, ya riƙo alewa ko biskit da zai ba abokinsa, a wasu wuraren kuma a haɗo da kuɗin biki. Kafin yamma hotunan yara riƙe da jajayen kwalaye masu siffar zuciya sun cika Facebook da WhatsApp.

Waya ba ta san iyakar jiha ba. Hoton da aka ɗauka a Legas ko Abuja, malamar nazare a Gusau za ta gan shi kafin azahar, haka ma mai makaranta a Tsafe ko Bunguɗu. Wasu za su yi sha'awar kwaikwaya don a ce makarantarsu ta waye. Iyaye da yawa kuwa, da zarar sun ji an haɗa kalmar "masoya" da yaro ɗan shekara huɗu, ransu zai ɓaci, kuma suna da hujja.

Sai dai idan gardamar ta tsaya kan jar riga kawai, za a bar tambayar da ta fi nauyi: yaushe rabon da uwa ko uba ko kaka su taka cikin ajin da ɗansu ke wuni, su zauna, su ga abin da yake koyo, ba don ya yi laifi ko an biyo bashin kuɗin makaranta ba? Makarantun ƙananan yara a Zamfara ba sa buƙatar ranar 14 ga Fabrairu. Amma suna matuƙar buƙatar rana guda a kowane zango da za a buɗe ƙofar aji ga dangi, a koya wa yaro nuna ƙauna da godiya ga masu ɗawainiya da shi, cikin harshensa da al'adarsa, ba tare da an karɓi ko kwabo ba.

Daga ina ranar ta fito?

Ranar Valentine ta samo asali ne daga tunawa da wani waliyyin Kirista da aka ruwaito an kashe a Rum a ƙarni na 3. Ana danganta tsayar da ranar ga Fafaroma Gelasius a ƙarshen ƙarni na 5. Alaƙanta ta da soyayyar namiji da mace ya zo ne daga baya, a rubuce-rubucen Ingila na ƙarni na 14, sannan a ƙarni na 19 'yan kasuwar kati a Ingila da Amurka suka mayar da ita sana'a. A 1969 Cocin Katolika kansa ya cire ta daga babbar kalandar bukukuwansa.

A Amurka ne ranar ta shiga azuzuwan ƙananan yara sosai. A can malamai kan sa yara su yi wa akwatin kwali ado, su rubuta wa juna kati, su zana wa iyayensu hoto, a gayyaci iyaye su zo su taya aikin. Yawancin makarantun suna da wata ƙa'ida mai ma'ana: duk yaron da zai kawo kati, to ya kawo wa kowa a ajin, kada a bar wani hannu rabbana. A ƙasar Finland kuwa sunan ranar ma ya koma ranar aboki.

Wasu ƙasashen sun bi akasin haka. A 2017 wata babbar kotu a Islamabad ta Pakistan ta hana bikin a wuraren taruwar jama'a da ofisoshin gwamnati. Kowace al'umma dai ta duba ranar da idonta, ta ɗauki abin da za ta iya, ta bar abin da ba za ta iya ba. Zamfara ma tana da wannan 'yancin.

Hujjar iyayen da ke cewa a'a

Zamfara ce jihar farko da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci bayan dawowar mulkin farar hula, a Gusau cikin Oktoban 1999. Mafi yawan iyayen da ke kai 'ya'yansu nazare a jihar sun taso ne suna jin malamai na jan kunne kan wannan rana. A idonsu ranar samari da 'yan mata ce, kuma tushenta na wani addini ne daban. Makarantar da ta tura masu takardar jar riga ba tare da shawara ba, ta taɓa abin da bai kamata ta taɓa ba.

Akwai kuma tarihi mai tsawo a bayan wannan ɗari-ɗarin. Tun zuwan boko ƙasar Hausa ake zargin cewa yana raba yaro da tarbiyyar gidansu. An shafe shekaru ana lallashin iyaye kafin da yawa su saki jiki, musamman kan karatun 'ya'ya mata. Kuskure ɗaya a ajin yara ƙanana ya isa ya ba mai shakka hujjar da yake nema, ya ce ai dama an faɗa. Wadda za ta biya kuɗin wannan kuskure ita ce yarinyar da za a cire daga makaranta.

Sai batun aljihu. Uwar da ke da yara uku a makarantar kuɗi, a ce kowanne sai sabuwar riga da kyauta da kuɗin biki, a lokacin da kwanon masara ke gagarar gidaje, ba ƙauna aka koya wa 'ya'yanta ba. An koya masu cewa a cikin aji akwai masu shi da marasa shi. Yaron da ya zo da kayan makaranta na kullum a ranar da kowa ya yi ja ba zai manta da wannan safiyar ba.

Saboda haka masu cewa kada a yi bikin da wannan suna, a wannan rana, da wannan siga, maganarsu na kan hanya. Inda ake samun giɓi shi ne abin da ke biyo bayan hanin. Sau da yawa babu komai. An rufe ƙofa ɗaya, ba a buɗe wata ba, iyaye na waje, malama na ciki, yaro na tsakiya.

Abin da ya cancanci a tsinta

Idan aka cire jan launi da sunan waliyyi, abin da ya rage a cikin irin wannan biki abu biyu ne: yaro na koyon faɗin alheri ga na kusa da shi, iyaye kuma na shigowa cikin karatunsa. Dukkansu binciken masana ya nuna suna da tasiri mai ɗorewa.

A birnin Kingston na Jamaica, tsakanin 1986 da 1987, an fara wani gwaji kan yara ƙanana da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya na unguwa sun riƙa ziyartar wasu gidajen sau ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan kimanin shekara 20 aka sake bibiyar yaran, aka tarar waɗanda aka ziyarta na samun kuɗin shiga da ya zarce na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. An wallafa sakamakon a mujallar Science a 2014. Ba a gina bene ba, ba a rarraba kwamfuta ba. Uwa aka shigar cikin aikin.

A garin Reggio Emilia na Italiya, wanda tsarin makarantun yaransa ya yi suna a duniya, labarin ya faro ne a 1945 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mutanen wani ƙauye da ke kusa, galibinsu mata, sun sayar da tankar yaƙi da motoci da dawakin da sojoji suka gudu suka bari, suka gina wa 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Al'ummar da ta fito daga yaƙi ce ta fara da ajin yara ƙanana, kuma har yau shigar iyaye ginshiƙi ne a tsarin. Wannan labari ya kamata ya tsaya wa duk Bazamfare a rai.

Dalilin da ya sa Zamfara ta fi kowa buƙata

Amana tsakanin gida da makaranta ta sha duka a jihar. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. A ranar 1 ga Satumban shekarar aka sake kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun firamare da sakandare a faɗin jihar, aka shafe watanni yara na gida. A 2022 an sace ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe daga masaukinsu. A Satumban 2023 aka shiga Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bunguɗu aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau.

Uwar da ta ji waɗannan labarai, duk safiyar da ta sa wa ɗanta ɗan shekara huɗu kayan makaranta, sai ta danne zuciyarta. Idan ba ta san fuskar malamarsa ba, ba ta taɓa ganin ajin ba, ba ta san wa ke tsare ƙofa ba, ƙaramar jita-jita ta isa ta sa ta ce yau a zauna gida. Yau ta zama mako, mako ya zama zango.

Ga kuma yawan marayu. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Mohammed Abubakar, ya ba da rahoton cewa tsakanin 2011 da 2019 rikicin ya mayar da yara sama da 25,000 marayu, ya bar mata kusan 5,000 ba mazajensu, ya raba mutane fiye da 190,000 da gidajensu. Tun daga lokacin ba a daina kai hare-hare ba. Iyalai da dama sun baro ƙauyukansu sun fake a Gusau da garin Tsafe da Bunguɗu, wasu a gidajen 'yan uwa, wasu a kangaye.

Ma'ana a ajin nazare ko rabin aji na yau akwai yaron da ya kwana a daji yana gudu a bayan uwarsa. Akwai wadda ke firgita idan ta ji rugugin babura. Irin waɗannan yara, kafin su iya riƙe alli, suna buƙatar su ji cewa akwai manya da ke sonsu, kuma manyan gida da na makaranta bakinsu ɗaya.

Ƙauna a gidan Bahaushe

Masu ganin cewa sai an aro biki daga waje kafin yaro ya san ana sonsa ba su duba gida da kyau ba. Gaskiya ne Bahaushe na da alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba ba ya yawan wasa da ɗansa a gaban manya. Amma al'adar da ta ɗaure bakin iyaye ita ce ta saki na wasu. Kaka na kiran jikanta mijinta, kakan na kiran jikarsa amaryarsa, ana tsokana ana dariya. Gwaggo da inna da kawu da baffa kowa na da tasa hanyar nuna gata. Akwai wasan taubasai, akwai riƙo, akwai zuwa yaye gidan kaka.

Malamar da ta fahimci wannan ba za ta tilasta wa uwa ta rungumi ɗan farinta a gaban jama'a ta ce tana sonsa ba. Za ta gayyato kaka, wadda ba ta da wannan takunkumi, kuma ita ce ma'ajiyar tatsuniya da kacici-kacici.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Ruwayoyi ingantattu sun nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikansa Hasan, yana ɗaukar jikarsa Umama a cikin salla, kuma ya yi wa mutumin da ya ce bai taɓa sumbatar 'ya'yansa goma ba gargaɗi kan rashin jinƙai. Biyayya ga iyaye da sada zumunci da shafa kan maraya darussa ne da kowace Islamiyya ke koyarwa. Iyalan Kirista da ke zaune a Gusau da sauran garuruwan jihar su ma girmama uwa da uba na cikin manyan dokokin addininsu. A nan babu saɓani.

Kalanda ma cike take. Ga ƙaramar Salla da babba, da yawon Salla da goron Salla da kai tuwo gidan maƙwabta. Ga tashe a watan azumi. Ga lokacin kaka, a jihar da ke alfahari da noma. Ga Ranar Yara ta 27 ga Mayu. Abin da ya rage shi ne makaranta ta jawo waɗannan cikin aji.

Yadda ranar zumunci za ta kasance

Ba a buƙatar dogon tsari. Safiya ɗaya a kowane zango, awa biyu, ta wadatar. A zangon farko, wanda ke faɗawa lokacin girbi, a yi ranar kakanni. A makon da ke gab da hutun Salla ko wanda ke biye da shi, a yi ranar barka da Salla ta aji. A zango na uku a jingina da Ranar Yara. Makarantar da ke da yara Kirista ta ba su dama su ma su ba da labarin yadda ake ziyara da rabon abinci a gidajensu lokacin Kirsimeti.

Kayan aikin na nan a bayan gida. Yara su gina 'yan tukwane da shanu da yumɓu su kai wa wanda suke so. Su haɗa motar kara da 'yar tsana tare da wani babba daga gidansu. A shafa wa tafin hannu lalle ko shuni a buga a kan takarda, malama ta rubuta a ƙasa abin da yaron ya faɗa da bakinsa, misali cewa yana gode wa yayarsa saboda ita ke rako shi kullum. A zana bishiyar dangi a allo, yara su koyi bambancin kawu da baffa, gwaggo da inna. A koyi gaisuwar safe da ta yamma, da gaida marar lafiya, da yi wa baƙo maraba.

A cikin waɗannan wasanni akwai karatu na gaske. Yaron da ya ƙirga mutanen gidansu ya yi lissafi. Wanda ya saurari tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya maimaita ta ya koyi jera magana, wanda shi ne tushen karatu da rubutu. Wanda ya murza yumɓu ya horar da yatsun da za su riƙe fensir. Uwar da ta gani da idonta za ta daina cewa a nazare wasa kawai ake yi, domin gani ya kori ji.

Ƙa'idar nan ta makarantun Amurka ta cancanci aro: abin da aka ba ɗaya a ba kowa. Idan an kawo gyaɗa ko dabino ko ƙuli-ƙuli, a zuba a faranti ɗaya a raba. Babu gasar wanda ya fi ado, babu kyautar wanda iyayensa suka fi kawo kaya.

Kada a sake tayar wa maraya miki

Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar hankali. Malamar da ta ce kowa ya zana babansa, a ajin da wasu aka kashe iyayensu maza, ta yi ɓarna ba da niyya ba. Lafazin da ya dace shi ne a ce kowa ya zana wanda ke kula da shi. Takardar gayyata ma ta ce uwa ko uba ko duk wani babba daga gida: yaya, kishiyar uwa, maƙwabciya, malamin allo.

Kafin ranar, malama ta san yaran da ba wanda zai zo masu. Ƙungiyar iyaye mata ta makarantar ta raba su a tsakaninta, kowace uwa ta zaunar da yaro ɗaya ko biyu kusa da nata. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. A irin wannan safiyar ake gane ko maganar ta wuce baki.

Iyayen da suka yi gudun hijira su ma a neme su da gangan. Su ne suka fi jin kunyar shiga taro saboda sutura ko rashin sanin mutane. Idan mai unguwa ko liman ko shugabar mata ta kai masu gayyata da baki, za su ji cewa an ɗauke su 'yan gari.

Kuɗi, tsaro da lokaci

Sharaɗi na farko: babu karɓar kuɗi, babu anko. Da zarar an sa farashi, ranar ta tashi daga zumunci ta koma ciniki. Masu makarantun kuɗi su tuna cewa uwar da ta ji daɗin yadda aka karɓe ta ta fi kowane allon talla jawo sababbin ɗalibai.

Na biyu shi ne tsaro. Kada a yayata rana da lokaci a shafukan sada zumunta. A yi da safe, a gama da wuri, a san wanda ya shigo da wanda ya fita. Kada a watsa hotunan yara da sunan makaranta ba tare da yardar iyaye ba. A wuraren da taro ke da haɗari, a raba shi aji-aji a ranaku daban, ko malama ta tura aikin gida tare da yaro, washegari ya dawo ya ba da labari.

Na uku, a duba rayuwar iyayen. Kada a sa ranar kasuwar gari, kada a sa lokacin da damina ta kankama kowa na gona. Mata da yawa ba za su fito ba sai da izinin mazajensu, don haka gayyata ta fara isa ga magidanta ta hannun limamai da masu unguwanni, kuma inda ya dace a ware zaman mata daban. Ba kowace uwa ce ke karanta takarda ba. Saƙon murya a waya da sanarwa ta bakin yara da manyan mata sun fi isa.

Iyaye maza kuma kada su fake da cewa harkar yara ƙanana ta mata ce. Uban da ya bar shago ko tasha na rabin awa ya zo ya tsuguna ya haɗa motar kara da ɗansa ya ba shi abin da zai riƙe har girma.

Masu cewa akwai abin da ya fi wannan gaggawa

Za a samu masu cewa a jihar da wasu azuzuwa ba rufi, wasu ba malami, wasu makarantun ma ba a iya zuwa, maganar ranar zumunci shagali ne. Damuwarsu gaskiya ce. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 25 a ajin share fagen firamare, kuma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a manyan garuruwa ya san cunkoson ya wuce haka.

Amma su wa za su matsa a gyara rufin? Iyayen da suka zauna a ƙarƙashinsa suka ga rana na dukan 'ya'yansu. Su wa za su lura malami ya daina zuwa? Iyayen da suka san shi. Kwamitocin kula da makarantu na al'umma, waɗanda ake kira SBMC, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da yawansu suna nan a takarda ne kawai saboda iyaye ba su saba shiga harabar ba. Ranar zumunci ita ce hanya mafi araha ta hura masu rai.

Jihar ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Zamfara na cikin jihohin da aka gudanar da kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da tallafin Birtaniya daga 2012 zuwa 2022, wanda ya yi aiki da ƙungiyoyin iyaye mata, kuma a ƙarƙashinsa aka koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa ta shirin RANA. Tun kafin nan ma, a ƙarni na 19, Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai ilimi ga mata a ƙauyuka har cikin gidajensu. Garin 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe kuwa tsohuwar cibiyar malamai ce tun kafin jihadi. Haɗa gida da karatu gado ne a wannan yanki.

Wa ya kamata ya motsa

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ilimin ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma manufar ilimi ta 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya na firamare. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwamban 2023. Gini da kujeru na da muhimmanci, amma wannan mataki ba ya buƙatar kwangila.

Ma'aikatar ilimi da hukumar SUBEB ta jihar su sa ranar zumunci cikin jadawalin zango, su fitar da jagora mai shafi ɗaya da Hausa, su haramta karɓar kuɗi a kanta a makarantun gwamnati da na kuɗi. Sakatarorin ilimi na Gusau da Tsafe da Bunguɗu su fara gwadawa a 'yan makarantu, su saurari abin da iyaye da malamai suka ce, sannan a faɗaɗa. Kwalejojin horar da malamai su koya wa ɗalibansu yadda ake karɓar iyaye da yadda ake magana da yaron da ya ga tashin hankali.

Masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi su sa baki, domin kiran hakimi ko dagaci na fito da magidancin da takardar hedimasta ba za ta fito da shi ba. Malaman addini da ke jan kunne a watan Fabrairu su ƙara da nuna abin da za a yi a madadinsa. Gidajen rediyon jihar su ba malaman nazare da kakanni fili su yi bayani.

Masu makarantun kuɗi kuma, kafin su buga kowace takardar biki, su zauna da iyaye su tambaya. Iyaye su ma kada su jira sai an kira su. Zumunci a ƙafa yake, kuma ajin da yaro ke wuni a ciki ya cancanci ziyara kamar gidan kowane ɗan uwa.

Yaro ɗan shekara huɗu a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu bai san wane ne Valentine ba, bai kuma damu da launin riga ba. Abin da zai tuna shi ne safiyar da ya ɗaga kai ya ga kakarsa zaune a kan tabarmar ajinsu, ya miƙa mata 'yar tukunyar yumɓun da ya gina, ta sa masa albarka a gaban abokansa. Hukumomi da makarantu da iyaye na iya ba kowane yaro wannan safiyar tun daga zango mai zuwa.